Kallon sheƙar mikiya mai farin kai ta kyamara: me ke al'ada, me ke abin tsoro?

Sabon Shiga:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tambayata kan kyamarorin nan ne da ake kafawa a sheƙar mikiya mai farin kai a Amurka, ana nuna su kai tsaye a YouTube dare da rana. A sheƙar da nake kallo ƙwai biyu ne, amma wani lokaci iyayen sai su tashi su bar su a buɗe cikin sanyi. Hakan ba ya kashe ƙwan? Kwana nawa ake jira kafin ƙyanƙyasa, kuma wace alama ce ke nuna ta kusa? Sannan idan ɗan tsako ya shiga wahala, me ya sa masu kyamarar ba sa hawa su cece shi? Masana a taimaka.

Mai Lissafin Kwanaki:

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Abu na farko, nemi ranar da aka saka kowane ƙwai ka rubuta. Duk abin da za ka gani nan gaba daga wannan rana ake auna shi, kuma wanda bai da ita kullum cikin fargaba yake kallo.

Macen kan saka ƙwai 1 zuwa 3, galibi 2, da tazarar kamar kwana 3 tsakaninsu. Kwanci kusan kwana 35 ne, sai dai ƙwan farko yakan daɗe fiye da haka, 37 har 40, saboda iyaye da yawa ba sa kwanciya sosai a kansa sai na biyu ya zo. Amfanin wannan jinkiri shi ne 'ya'yan su fito kusa da juna, kada babba ya yi wa ƙarami nisa. To ka ga barin ƙwai a buɗe a kwanakin farko ba sakaci ba ne. Ko daga baya ma sukan tashi na wasu mintuna, musamman in akwai rana. Abin da ya fi sanyi haɗari a lokacin shi ne hankaka, don in sheƙa ta daɗe ba kowa, zai sauko ya fasa ƙwan ya sha.

Ka lura da yadda suke komawa kwanci, akwai abin kallo a ciki. Uwar kan dunƙule faratanta ta taka a hankali a gefen ramin sheƙar, ta sa baki ta juya ƙwan, sannan ta sauka tana rangaji hagu da dama har ta daidaita. Juyin nan, kamar kowace awa ɗaya zuwa biyu, shi ke hana ɗan da ke ciki manne wa jikin ɓawo, ya kuma raba ɗumi ko'ina. Rangajin kuwa neman haɗa ƙwan take yi da wani fili marar gashi da ke ƙirjinta, inda fata ke ba da zafi kai tsaye. Namiji ma yana karɓar kwanci da rana, amma dare galibi na macen ne. In kana son bambanta su, ita ce babba, ta fi shi da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, bakinta kuma ya fi kauri.

Dusar ƙanƙara kada ta tsorata ka. A Big Bear da ke Kalifoniya, macen da ake kira Jackie ta yi kusan awa 62 a jere kan ƙwai cikin guguwa a Fabrairun 2024, ƙanƙara ta binne ta sai kai kawai ake gani. Gashinsu na riƙe zafi har ƙanƙarar da ke bayansu ba ta saurin narkewa. Duk da haka ƙwai ukun na wannan shekara ba su ƙyanƙyashe ba. Baragurbi abu ne da ke faruwa, ko don ƙwan bai ɗauki maniyyi ba, ko don ɗan ya mutu a ciki da wuri. In ƙwai ya haura kwana 42 shiru, a rage sa rai. Iyayen za su ci gaba da kwanci wasu makonni, sannan su dinga janyewa a hankali.

Alamar ƙyanƙyasa kuwa tana farawa kafin ka ga komai. Ɗan yakan fara huda jakar iskar da ke cikin ƙwan, ya soma numfashi, har a ji ƙaramin kukansa in makirufo na da kyau. Za ka ga uwar tana yawan miƙewa tana karkata kai tana kallon ƙasanta. Daga nan sai wata 'yar tsaga kamar tauraro ta bayyana a ɓawon, wadda ya yi da ɗan ƙaramin tsini da ke kan bakinsa. Daga tsagar zuwa fitowa awa 24 ne zuwa 48, yana aiki yana hutawa, kuma iyayen ba sa fasa masa. Kada ka ɗauki kowane ɗigo a matsayin tsaga, sau da yawa datti ne ko ɗan gashi ya manne. Tsaga ta gaskiya tana da tudu, kuma tana nan a wuri ɗaya bayan an juya ƙwan.

Malama Mai Duban Tsuntsaye:

Malam ya gama da ƙwai, bari in ɗora daga ranar fitowa, don a nan ne masu kallo suka fi tayar da hankali.

Ɗan yakan fito jiƙe, nauyinsa kamar giram 90, kansa ya fi ƙarfin wuyansa. In ba a ba shi abinci a ranar farko ba, babu laifi, gwaiduwar da ya shanye kafin ya fito tana riƙe shi. Ciyarwar farko wahala ce ga kowa: uwar ta yago ɗan mitsitsin kifi, ta karkata kai ta miƙa, shi kuma yana lilo yana cafkar iska. Cikin kwana biyu uku sai ya gane. Ruwa ba a kawo musu, daga naman suke samu.

Abu biyu za ka duba ka san yana ƙoshi. Na ɗaya, jakar abincin da ke ƙasan wuyansa: bayan an ci za ta kumbura tim, daga baya ta sauka. Na biyu kashi. Lafiyayyen ɗa yakan ja da baya, ya ɗaga gindi, ya harba farin kashi zuwa bakin sheƙa ko waje. Muddin waɗannan biyu na tafiya, ko da ka gan shi kwance shame-shame kamar matacce, barci ne.

Sai batun sara tsakanin 'yan'uwa, wanda ni a ganina shi ne ya fi sa mutane zargin iyayen a banza. Babban yakan sari ƙaramin a kai ko a ƙeya, musamman lokacin cin abinci, kuma abin ya fi tsanani a makonni biyu zuwa uku na farko. Iyayen ba sa raba su, wanda ya miƙo baki shi suke ba. Abin da za ka sa wa ido shi ne ƙaramin: in ya koyi sunkuyar da kai ya juya baya, ya bari babban ya ƙoshi ya kife, sannan ya lallaɓo ta gefe ya karɓi nasa, to ya tsira. Haɗarin gaske sai in abinci ya yi ƙaranci, ko tazarar haihuwa ta yi yawa, kamar ɗa na uku da ya zo kwana biyar ko shida bayan na farko. Ka dinga duba gefen sheƙa. In akwai kifi a ajiye, saran ba zai kai ga kisa ba a mafi yawan lokaci.

Makonni biyu na farko ɗan bai iya riƙe zafin jikinsa ba, farin gashin haihuwa ba ya tare komai. Jiƙewa da sanyi a wannan lokaci sun fi yunwa kisa. A Big Bear a Maris na 2025 an ƙyanƙyashe uku, ɗaya ya mutu bayan wata guguwar ƙanƙara, biyun da suka rage, Sunny da Gizmo, suka tashi a watan Yuni. Bayan gashi na biyu mai kauri, ruwan toka mai duhu, ya fito, sai ka ga iyaye sun fara barinsu su kaɗai suna gadi daga reshe. Kyamara ba ta nuna reshen, shi ya sa ake ta cewa an yi watsi da su.

Daga nan abin gudu yake. Mako na 3 zuwa 4 baƙin gashin fiffike ya fara tsiro, mako na 6 suna tsayawa da kyau suna gwada yagar nama da kansu, wajen mako na 8 sun kusa kai iyayensu girma suna ta kaɗa fiffike suna tsalle. Mako na 9 zuwa 10 su fara hawa rassan kusa, tashin farko kuma tsakanin mako na 10 da na 14. Bayan sun tashi sukan yi wata guda ko fiye suna dawowa iyaye na ciyar da su. Kada ka jira farin kai, launin ƙasa mai duhu suke tafiya da shi, farin kai da farar jela sai wajen shekara 5.

Sabon Shiga:

Na gode Malam, na gode Malama, Allah ya ƙara sani. Saura batun ceto. Kuma fitilar da ke haska sheƙar da dare ba ta damunsu?

Mai Lissafin Kwanaki:

Ba fitila ba ce irin wadda ka sani. Hasken infirared ne, kyamara na ganinsa, idon mikiya da na mutum ba sa gani, shi ya sa hoton dare ke zuwa fari da baƙi. Su a wajensu duhu ne. In ka ga idon ya yi fari fat na ɗan lokaci da rana, wata siririyar fata ce da suke shafe ido da ita, ba makanta ba.

Kyamarar ana hawa a gyara ta ne bayan 'ya'ya sun watse, kafin a soma sabon gini. In ta lalace ko kashin ɗan tsako ya rufe gilashin ana tsakiyar kwanci ko renon 'ya'ya, haka za a haƙura sai ruwan sama ya wanke. Ta Big Bear da hasken rana take aiki, a kan bishiyar da sheƙar ke sama da mita 40 daga ƙasa.

Dalilin rashin hawa doka ce da kuma hankali. Dokar kare mikiya ta 1940 ta hana taɓa tsuntsun, ƙwansa, sheƙarsa, har gashinsa da ya faɗi, sai da izinin Hukumar Kula da Kifi da Namun Daji ta Amurka. Shawarar hukumar ita ce a bar tazarar mita 100 zuwa 200 daga sheƙa mai aiki. Tsuntsun nan ya taɓa kaiwa bakin ƙarewa: a 1963 ma'aurata 417 kawai aka ƙirga a jihohi 48, galibi saboda maganin ƙwari na DDT da ke sa ɓawon ƙwai ya yi laushi ya fashe a ƙarƙashin uwa. An hana DDT a 1972, aka cire mikiyar daga jerin masu fuskantar ƙarewa a 2007, amma dokar 1940 na nan. Ban da doka, mutum in ya hau lokacin 'ya'ya sun yi girma, tsoro kan sa su faɗo kafin fiffikensu ya nuna, a je ceton ɗaya a rasa biyu.

Malama Mai Duban Tsuntsaye:

Malam, a ƙara da cewa ana ba da izinin wani lokaci, kada ɗan'uwa ya ɗauka ƙofar a rufe take ruf. An fi bayarwa in matsalar daga hannun mutum ta fito, misali igiyar fatsa ta naɗe ƙafa ko an haɗiye ƙugiya tare da kifi. Rashin lafiya ma takan sa: a sheƙar North Fort Myers da ke Filorida an sauko da 'ya'ya biyu a Janairun 2021 saboda ciwon ido, aka yi musu magani aka mayar, iyayen suka karɓe su. Amma sara tsakanin 'yan'uwa, sanyi, ko mujiya mai kai hari da dare, waɗannan ba a shiga.

Alamomin da suka cancanci a sanar da masu kula da kyamarar, tare da ainihin lokacin da ke rubuce a kan hoton, su ne: igiya ko roba a jikin ɗa, jinin da ya ƙi tsayawa, karkarwa, murɗewar wuya, kasa tsayawa ga wanda da yana tsayawa, da ƙin abinci yini guda alhali ana miƙa masa. Jini marar tsayawa yakan nuna maganin ɓera, in iyaye sun kawo ɓeran da ya ci guba. Haka ya kashe ɗa ɗaya a wannan sheƙa ta Filorida a Janairun 2020. Karkarwa da faɗuwa kuwa murar tsuntsaye ake zargi, ita ta kashe 'ya'yan sheƙar biyu a Janairun 2025 bayan an kawo musu tsuntsu mai ɗauke da cutar. Manyan kuma dalma ce babbar matsalarsu, daga ɓarɓashin harsashi a mushen da mafarauta suka bari.

Ita kanta sheƙar takan faɗi. Kowace shekara ƙara kirare suke yi a kan na bara, faɗinta ya kai mita ɗaya da rabi ko fiye. Wadda ake kallo a Minesota ta kai kusan kilo 900 lokacin da reshen da ke riƙe da ita ya karye a Afrilun 2023, ɗan da ke ciki bai rayu ba. Manyan dai sukan sake gini a kusa, kamar yadda na Filorida suka yi bayan guguwar Ian ta 2022, har suka saka ƙwai a kakar.

Don tsara lokacin kallo: Filorida kan saka ƙwai a Nuwamba ko Disamba, Big Bear a Janairu, Decorah da ke Ayowa a rabin Fabrairu na biyu, Alaska sai Afrilu ko Mayu. Da hunturu agogon Filorida na bayan GMT da awa 5, Ayowa 6, Kalifoniya 8, kuma daga Lahadi ta biyu a Maris ka rage awa ɗaya. Canjin kwanci na farko da kawo kifi sun fi yawa daga fitowar rana zuwa hantsi a agogonsu, in kuma ka makara, ja hoton baya a YouTube, yawancinsu suna riƙe awa 12 da suka wuce.