Kwafin System State ya ƙi tafiya, sai "Access is denied", alhali ni ne admin

Ɗan Ofishin Akanta:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Kwana tara ke nan ina fama, yau dai na ce bari in kawo kuka wurinku.

Ina kula da uwar garke guda ɗaya a wani ƙaramin ofishi, Windows Server 2016 ce, ita ce kuma ke riƙe da Active Directory, wato rumbun akawun ɗin shiga kwamfuta, na ma'aikata kusan ashirin da biyar. Na gaje ta ne daga wani bawan Allah da ya bar aiki kafin in zo, bai bar min ko takarda ɗaya ba, sai kalmar sirri a jikin wata 'yar takarda da aka manna ƙarƙashin kibod. Kwafin fayilolin ma'aikata yana tafiya lafiya kullum da dare zuwa faifan waje. Amma duk lokacin da na ce a ɗauki System State, wato kwafin tsarin Windows ɗin kansa har da Active Directory, sai ya yi kamar minti biyu yana nazari, ya tsaya. Na gwada ta Windows Server Backup, na gwada ta umarni:

wbadmin start systemstatebackup -backupTarget:E:

Amsar ɗaya ce, wai ba a samu System Writer ba. A Event Viewer kuma, inda Windows ke rubuta kurakurai, ɓangaren Application, akwai kuskure mai lamba 513 daga CAPI2 jere kamar tururuwa, kowanne yana ƙarewa da "Access is denied".

Abin da ya ɗaure min kai shi ne da akawun ɗin Domain Admins nake shiga. Wane izini ne kuma ya fi wannan? Na sa kaina cikin Backup Operators ma don ko ta kwana, babu abin da ya sauya. Na sake kunna injin sau uku (sau ɗaya ma ba da son raina ba, wuta ce ta ɗauke batirin UPS ya ƙare). Faifan E: yana da fili sama da gigabait 600. Oga ya fara tambaya ko in kira wani daga waje. Don Allah a taimaka.

Mai Kebul:

Wa alaikumus salam. Ka tabbata ka buɗe Command Prompt ɗin ta "Run as administrator"? Don ko kai admin ne, in ba ka buɗe ta haka ba UAC, mai gadin izini na Windows, ba zai ba ka cikakken ƙarfinka ba. Sannan in faifan nan na hanyar sadarwa ne, a duba izinin sharing da na NTFS duka biyun, mutane kan gyara ɗaya su manta ɗaya.

Ɗan Ofishin Akanta:

Na buɗe ta haka Malam. Faifan kuma USB ne, a jikin injin yake kai tsaye, babu maganar sharing.

Hajiyar Sabar:

Ƙanina, ka daina ƙara wa kanka izini, ba kai aka hana ba. Nan ne yawanci ake ɓata kwanaki. In ka ga "Access is denied", tambayar farko ita ce wa aka kora daga bakin ƙofa, kuma wace ƙofa ce.

Ga yadda abin yake. Kai dai kana ba da umarni ne. Wanda ke aikin shi ne VSS, sashen Windows mai ɗaukar hoton faifai don kwafi, shi kuma yana tambayar wasu 'yan aike da ake kira writers, kowanne ya kawo jerin fayilolin da ke hannunsa: na rajistar Windows, na NTDS (rumbun Active Directory), na COM+, da sauransu. System Writer yana zaune ne cikin Cryptographic Services, wannan kuwa da akawun ɗin Network Service yake aiki, wanda ƙaramin akawu ne, ba shi da ƙarfin admin ko kaɗan. In aka hana shi karanta wata folda yayin da yake haɗa jerinsa, sai ya faɗi, ya ɓace daga layi, wbadmin kuma ya ce bai gan shi ba. Ko ka saka kanka cikin kowane rukuni a duniya, shi dai yana waje.

Fara da wannan:

vssadmin list writers

In babu System Writer a jerin, to mun kama hanya. Sai ka buɗe ɗaya daga cikin 513 ɗin nan ka karanta abin da ke ƙarƙashin Details, kar ka tsaya a layin farko. Iri biyu na fi gani. Akwai mai cewa AddLegacyDriverFiles ya kasa ɗaukar Microsoft Link-Layer Discovery Protocol. Wannan sananne ne a 2016, yakan cika Event Viewer da surutu, kuma sau da yawa kwafin yana kammaluwa duk da shi. Akwai kuma mai cewa AddCoreCsiFiles, BeginFileEnumeration ya gaza. Wannan na biyun shi ne mai kashe System Writer, kuma yana nuni ga izinin foldoji biyu a cikin WinSxS, ma'ajiyar fayilolin tsarin Windows: FileMaps da Temp\PendingRenames.

Gaya min wanne ka gani kafin ka taɓa komai.

Ɗan Ofishin Akanta:

Hajiya, ranki ya daɗe, kamar kina tsaye a bayana. Babu System Writer a jerin. Kuma duka biyun suna nan, amma na AddCoreCsiFiles ya fi yawa. Na duba izinin FileMaps da umarnin icacls, Administrators kaɗai na gani da cikakken iko, babu Users, babu TrustedInstaller (akawun ɗin da Windows ke girka fayilolinsa da shi). Na tambayi mai shara ma (ita ta fi kowa daɗewa a ofishin), ta ce ta tuna shekarar da ƙwayar cuta ta shiga kwamfutoci, mutumin ya kwana biyu a ɗakin sabar. Ina zaton a lokacin ne ya bi foldar Windows ya kulle komai.

Hajiyar Sabar:

To ga shi nan. Ya ga Users a kan foldar tsarin, ya ɗauka ma'aikatan ofis ake nufi, ya cire. Bai san ta wannan rukunin Network Service ke samun damar karatu ba. Niyyarsa mai kyau ce, ban ga laifinsa sosai ba, laifinsa ɗaya rashin rubuta abin da ya yi.

Kafin gyara, ajiye izinin da ke kai yanzu don ka iya komawa in abu ya lalace:

icacls %windir%\winsxs\filemaps /save E:\izini_filemaps.txt /t

Sannan ka karɓi mallaka, ka mayar da ukun da suka ɓata:

takeown /f %windir%\winsxs\filemaps\* /a
icacls %windir%\winsxs\filemaps\*.* /grant "NT AUTHORITY\SYSTEM:(RX)"
icacls %windir%\winsxs\filemaps\*.* /grant "NT Service\trustedinstaller:(F)"
icacls %windir%\winsxs\filemaps\*.* /grant BUILTIN\Users:(RX)

Ka maimaita haka ga %windir%\winsxs\temp\PendingRenames. RX karatu ne da gudanarwa kawai, F cikakken iko, kuma TrustedInstaller kaɗai ya cancance shi a nan. Bayan haka ka sake kunna Cryptographic Services ɗin da net stop cryptsvc, net start cryptsvc, ka sake duba jerin writers. Ba sai ka kashe injin ba.

Roƙona ɗaya: kar ka ba Everyone cikakken iko a kan C:\Windows don ka huta. Na taɓa karɓar wata uwar garke da aka yi wa haka, kwafi na tafiya sumul, amma kowane mai akawu a ofishin zai iya sauya fayilolin tsarin. Sai da muka gina ta daga tushe.

In System Writer bai dawo ba, sauke Process Monitor na Sysinternals, ka tace Result ya zama ACCESS DENIED, ka sake kunna cryptsvc, ka ga da idonka foldar da ake korar sa. Tunda mutumin nan ya bi foldoji da yawa, ba mamaki akwai saura.

Tsohon Soja a IT:

Hajiya ta gama magana. Zan ƙara abu ɗaya da ba a tambaya ba. Ɗana, yaushe rabon da a ɗauki System State mai kyau a injin nan? Yi wbadmin get versions ka gani. Kwafin Active Directory yana da wa'adi, in ya wuce tombstone lifetime, wato tsawon lokacin da ake ajiye alamar abin da aka goge, wanda a yawancin tsarin zamanin nan kwana 180 ne, ba a so a mayar da shi. Kuma injinka guda ɗaya ne, babu na biyu da zai riƙe muku akawun ɗin mutane in faifai ya mutu. Ni da ni ne, wannan zan kai wa oga, ba maganar kiran wani daga waje ba.

In kuma ka ga lamba 8194 daga VSS da 0x80070005, wannan wata ƙofa ce daban: dcomcnfg, COM Security, Access Permissions, a ba Network Service damar Local Access.

Ɗan Ofishin Akanta:

Alhamdu lillahi. Na yi na FileMaps da PendingRenames bayan sallar la'asar da mutane suka ragu. Karon farko System Writer bai dawo ba, gabana ya faɗi. Na kunna Process Monitor kamar yadda Hajiya ta ce, sai ga svchost, mai ɗauke da cryptsvc, ana ta korar sa daga ita foldar FileMaps ɗin kanta; ashe umarnin ya gyara fayilolin ciki, foldar kuwa tana nan a kulle. Na ba ta izinin ukun nan, na sake kunna cryptsvc, sai ga shi ya fito, Stable, No error. Kwafin ya ɗauki minti arba'in da 'yan kai, ya kammala. Na 513 mai maganar Link-Layer yana nan yana fitowa, na ƙyale shi tukuna.

Baba Soja, na duba get versions. Ba zan faɗi shekarar da na gani ba don kunya, amma ta ninka kwana 180 sau da yawa. Gobe da safe zan shiga wurin oga da takardar neman inji na biyu. Wani ya taɓa gwada mayar da System State a injin gwaji na Hyper-V? Ina so in ga ya tashi da idona kafin in yarda da faifan nan.