Wai da gaske akwai ƙwaron da aka sa wa sunan Trump?

Ɗan Kwanar Gafan:
Salam jama'a. Wani ne ya turo hoto a guruf ɗinmu na WhatsApp, ɗan mitsitsin malam-buɗe-littafi irin na dare ɗin nan masu zagaye fitila, wai sabo ne aka gano a Amurka har an raɗa masa sunan Trump. To ni abin da ya ɗaure min kai, ya ake yi a gane sabo ne? Wallahi a idona duk ɗaya suke, ko wanda ke cinye mana tumatir haka yake, toka-toka ɗan firit.

Malamin Bayoloji:
Wa alaikumus salam, gaskiya ne ba tatsuniyar intanet ba ce. Sunansa Neopalpa donaldtrumpi, wani masani a Kanada, Vazrick Nazari, shi ya fitar da bayaninsa a mujallar ZooKeys a Janairun 2017. Yana rayuwa a kudancin Kalifoniya da yankin Baja na Meziko, idan ya baje fiffike duka-duka wajen santimita ɗaya ne, kuma yana da wani ɗan gashi fari-fari mai ruwan ɗorawa a ka, shi ne mutumin ya ce ai wannan gyaran gashin Trump ne sak.

Kuma ba wai a daji ya kamo shi ba fa, yana cikin duba busassun ƙwarin da aka aro daga gidan adana ƙwari na Bohart a jami'ar Kalifoniya da ke Davis ne ya ga wasu 'yan kaɗan ba su yi daidai da ɗan uwansu Neopalpa neonata ba, wanda tun 1998 aka san shi.

Ɗan Kwanar Gafan:
Ikon Allah. Malam to gashin kan ne kawai hujjar?

Malamin Bayoloji:
A'a ina, launi yaudara gare shi, ƙurar fiffiken nan ko taɓa ta ka yi sai ta goge a yatsanka. Aikin yana ƙarƙashin madubin ƙara girma, a cire cikin ƙwaron a jiƙa shi a sinadari har naman ya narke, sannan a fito da al'aurarsa da tsinken allura a shimfiɗa a kan gilashi a zana ta, don a ƙananan nan siffar wannan wurin ce ke raba jinsi da jinsi ko da fiffike iri ɗaya ne. Sai kuma a gutsuri ƙafa ɗaya a yi gwajin ƙwayar halitta a gwada da na sauran. In duka biyun sun nuna daban yake, sai a ware guda ɗaya a soke shi da fil a rubuta inda aka kama shi da rana, a ajiye a gidan adana, duk mai gardama nan gaba shi zai je ya duba.

Maman Biyu:
Kai Turawa da neman magana, mutum ya zauna yana fiɗar abin da bai kai ƙwayar shinkafa biyu ba, ana kuma biyansa albashi 😂

Malamin Gona:
Hajiya ki daina dariya, wannan aikin shi ya cece mu. Ɗan Kwanar Gafan idonka bai yi ƙarya ba, na tumatir ɗinka Tuta absoluta ne kuma danginsu ɗaya da na Trump ɗin, Gelechiidae. Tun 1917 aka bayyana shi daga Peru, shi ya sa da ya afka wa gonakin Kano da Kaduna a 2016 har Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir, ba a tsaya lalube ba, an san ko wane ne, an san tsutsar cikin ganye take shigewa shi ya sa feshi ba ya isa gare ta sosai, kuma akwai tarkon ƙamshin mace da ke janyo mazan su liƙe.

Ɗan Kwanar Gafan:
Yallaɓai wannan tarkon a Kano ana samu? Don bana ma na fara ganin farin zanen nan a ganye.