Mai Latsa Waya Yana Tuƙi, Ɗan Maye Ne?

Baban Yara: Jama'a, yau raina a ɓace yake. Motar haya muka shiga da 'ya'yana, direba na sharara gudu, hannu ɗaya a sitiyari, ɗayan yana amsa saƙo a WhatsApp. Na yi masa magana, ya ce wai shi ya san aikinsa. Ni dai ra'ayina, duk mai latsa waya yana tuƙi ɗan maye ne, a ƙwace lasisinsa kamar yadda ake yi wa mashayi. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta ce yiwuwar ya yi hatsari ta ninka ta sauran direbobi kusan sau 4.

Tsohon Direba: Malam, ka janye kalmar nan ta "ɗan maye". Na tsufa a kan titi, ban taɓa kai barasa bakina ba. Don mun ɗaga waya sai ka haɗa mu da 'yan ƙwaya?

Baban Yara: Baba, ai ban ambaci sunanka ba.

Tsohon Direba: Ka ce "duk". Ni ba na cikin duk ɗin ne?

Malamin Aji: Gaskiyar Baba ce. Jifan mutum da maye ba tare da shaida ba ƙazafi ne. A gyara lafazi tukuna.

Hajiya Nas: Ku yi haƙuri, Baba, amma maye bai tsaya a kwalbar giya ba. Maganin tari mai kodin, da tiramadol, har wasu magungunan mura, duk suna kashe jiki su kawo gyangyaɗi. Rashin barci kuwa ya fi ba ni tsoro. An yi bincike a Ostareliya, aka ga mutumin da ya yi awa 17 bai runtsa ba, hankalinsa da saurin ɗaukar matakinsa sun yi daidai da na mai barasa kashi 0.05 cikin ɗari a jini, wadda ita ce iyakar da ƙasashe da yawa suka sa wa direba. Ina ganin waɗanda ake kawo mana asibiti bayan hatsari, da yawansu ba su sha komai ba, ido ne ya rufe musu na ɗan lokaci.

Mai Tasi: To fa! Yanzu mai jin barci ma ya zama ɗan maye? Hajiya, ku da kuke kwana aiki ku tuƙo kanku gida da safe fa, me za a kira ku?

Hajiya Nas: Shi ya sa ba na tayar da mota sai na ɗan kwanta. Kai fa, ka taɓa fakawa ka huta alhali ga fasinja?

Mai Tasi: Ke albashi kike jira. Ni in na faka, wa zai biya mai motar kuɗinsa da yamma? Masu motocin gida sun fi kowa latsa waya, amma kullum mu ake zagi.

Ɗan Jami'a: Ku bar batun suna, ku duba lissafi. Mota mai gudun kilomita 90 a awa tana cin mita 25 a daƙiƙa ɗaya. Ka sunkuya daƙiƙa 5 kana karanta saƙo, ka shafe mita 125 ba ka ga gabanka ba. Yaro ya tsallako a nan, ina birki?

Tsohon Direba: Yaro, tun ba a haife ka ba nake taka birki. Kuma ni abin kunne nake sawa, hannuwana biyu suna kan sitiyari.

Ɗan Jami'a: Baba, da girmanka, hukumar nan da aka ambata ta ce abin kunnen bai rage haɗarin sosai ba, don hankalin yana can wurin hira.

Malamin Aji: Ka ga irinta ko? Dattijo na magana kana mayar masa. Tarbiyyar ke nan?

Baban Yara: Ni fa maganar ƙwace lasisi na kawo, ba wanda ya ce uffan a kanta.

Mai Tasi: Ka fara ba mu haƙuri.

Shugaban Zaure: To, ya isa haka. Na bi maganganun kowa, kuma a matsayina na wanda mahaifinsa ya ciyar da mu da tuƙi, abin da na fahimta shi ne jama'a sun yarda kalmar "ɗan maye" ta yi tsauri, ya kamata Baban Yara ya janye ta. Bayanin Hajiya na asibiti ne, ba shi aka tambaya ba. Ɗan Jami'a ya nemi afuwar Baba. Waya kam a rage ta, amma masu kiran direba suna sane yana kan hanya, da fasinjan da ke matsa masa ya yi sauri, su ma da nasu laifin. Na rufe wannan batu, wanda ya sake ɗago shi zan cire shi.