Addu'ar safe ta kuɓuce mini tun da na fara zuwa Farin Gada

Mai kayan miya, Tudun Wada:

Salama gare ku 'yan'uwa cikin Kristi. Akwai abin da ke cin raina, kunya ta hana ni faɗa a Zumuntar Mata. Ni 'yar ekklisiyar COCIN ce. Babanmu manomi ne, kuma a gidansa ba a hura wuta sai an yi waƙa ɗaya daga Littafin Waƙoƙi, an karanta sura, an durƙusa. Da na yi aure ma ban saki ba. To, shekara biyu ke nan da maigidana ya rasu, na shiga sarin kayan miya a kasuwar Farin Gada, nan Jos. Ƙarfe huɗu da rabi nake tashi, in dama wa yara koko, in fita neman keke, domin wanda bai riski motocin tumatir da kabeji da wuri ba, ragowa zai kwasa. Da dare kuwa, ina buɗe Littafi Mai Tsarki sai barci ya sace ni. Ranar Laraba na farka na tarar da shi a ƙasa, shafi ya naɗe, sai da na yi hawaye.

Ba na fashin sujadar Lahadi. Amma daga Litinin zuwa Asabar kamar rijiya a rani nake. Maƙwabciyata a kasuwa Musulma ce, da azahar ta yi sai ta ce in duba mata rumfa, ta tafi salla ko da mai saye na tsaye. Tana burge ni, kuma duk ranar sai zuciyata ta tambaye ni, ke fa? Ga yarana uku suna tasowa ba su san sujadar iyali ba. Ku da kuke fita da asuba, yaya kuke yi?

Dattijo daga Bukuru:

'Yata, sannu da ɗawainiya, Ubangiji ya ta'azantar da ke. Kina auna kanki da mudun gidan babanki, alhali gona tana jiran mai ita, motar tumatir kuwa ba ta jiran kowa. Ki rage kayan daidai wuyanki. Ɗauke Littafin daga bakin gado, ki kai shi madafa, kusa da ashana. Kafin ruwan koko ya tafasa kin karanta aya goma kin yi addu'a. Fara da Markus, sura 16 ce kawai, kuma labari ne mai tafiya da sauri. A sura ta farko ma za ki ga Yesu ya kai dare yana warkar da marasa lafiya a bakin ƙofa, duk da haka ya tashi tun da sauran duhu ya keɓe don addu'a, aya ta 35. Ya san gajiya irin taki.

Mai aikin dare a asibiti:

Anti, ni ma idona ba ya iya karatu bayan aikin dare. Na sauke Littafi Mai Tsarki na Hausa mai murya a wayata, daga Gada Biyu zuwa gida nakan saurari sura guda. Sai dai ki kashe data kafin ki kunna, in ba haka ba WhatsApp zai cinye lokacin.

Mama 'yar Zumunta, Jenta:

Ɗiyata, maganar Baba Dattijo gaskiya ce, amma ni yaran nan ne suka tsaya mini a rai. Me zai sa ke kaɗai ki riƙa fama da barci a kan Littafi, alhali kina da masu ido a gida? Bayan tuwon dare, kafin a kwashe kwanuka, ki ba babbar ta karanta, ke ki saurara. Ku ɗauki Zabura 121 ku yi mako guda a kanta har ta zauna a ka, aya takwas ce. Abin da ke ka, ko kina ƙirga kwando za ki iya maimaita shi. Ni shekara goma sha ɗaya ina gwauruwa, Zabura 68 aya 5 ce ta riƙe ni, inda aka kira Allah uban marayu, mai tsaya wa gwauraye. Kuma ki daina ɓoye wa Zumunta. Rabin matan da ke zaune kusa da ke irin wannan kaya suke ɗauke da shi.

Mai kayan miya, Tudun Wada:

Na gode Baba, na gode Mama, na gode ƙanwata. Littafin yana madafa yanzu, har ya fara ƙanshin hayaƙi. Cikin kwana biyar na yi huɗu. Ranar Juma'a na makara, ban buɗe ba, amma ban koma farko ba, washegari na ɗora daga inda na tsaya. Babbar 'yata tana karanta mana Zabura 121 da dare. Jiya autana, ɗan shekara shida, ya tambaye ni ko gaske ne Allah ba ya gyangyaɗi, ko da sanyin Disamba. Na ce masa gaske ne. Mama, zan faɗa musu a taron Zumunta na wannan mako, ki sa ni a addu'a bakina ya buɗe.