Fili a bakin titin Kano zuwa Zariya: wane hannu zan saya?

Ɗan Kura: Salamu alaikum. Ina son buɗe wurin faci da shayi kusa da Kwanar Dangora. An nuna min fili biyu, ɗaya a hannun masu zuwa Kano, ɗaya a hannun Zariya. Tunda tagwayen hanya ce, ga shingen kankare a tsakiya, mota ba ta tsallakowa sai ta je majuya. Wanne ya fi ciniki? Na hannun Zariya ya fi araha, dubu 900.

Baban Ummi: Ka tafi Kwanar Gafan, lokacin tumatir nan ake kuɗi.

Ɗan Kura: Baba, Dangora na ce.

Tsohon Tela: Yaro, kafin ka ba da ko sisi, ɗauko tef ka auna daga tsakiyar titi. Mita 45.72 kowane gefe na gwamnatin tarayya ne. Ni ba wanda ya faɗa min. Na sayar da gonar gado na gina shago uku wajen Tashar Yari, rannan na wayi gari da jan fenti a bango. Dillalin da ya rantse min da Allah ya kashe waya. Har yau ƙannena mata ba sa gaishe ni, don da rabonsu a gonar.

Hajiya Mai Fura: Allah ya mayar da alheri, Malam. Amma dubu 900 a bakin titi? Bara maƙwabcina miliyan biyu da rabi ya biya.

Baban Ummi: An cuce shi ne, Hajiya.

Direban Tirela: Hannun Kano. Mu da muke tasowa daga Legas da lodi, taya ta sha zafi, nan take fashewa. Kuma ka nemi inda gefen titi ke da faɗi, ba mai tsayar da tirela a kan kwana.

Baban Ummi: To masu lodin shanu da albasa zuwa kudu fa, tayarsu ta ƙarfe ce?

Direban Tirela: Alhaji, ka taɓa riƙe sitiyari?

Sarkin Zolaya: Sayi duka biyun, uwargida hannun Kano, amarya hannun Zariya, shinge ya raba faɗa.

Hajiya Mai Fura: Wannan shingen dai! Yaranmu haurawa suke su je makaranta, ba gadar ƙafa, 'yan acaɓa kuma don ƙyashin zagaye sai su biyo hannun da ba nasu ba, da daddare, ba fitila.

Ɗan Kura: To wai wane hannun ne?

Tsohon Tela: Ka auna tukuna.