Kwamitin gyaran aikinmu ya cije, na rasa yadda zan yi

Salam 'yan uwa. Wata 4 ke nan da aka ba ni jagorancin kwamiti na mutum 7 a wurin aikinmu, don mu rage jinkirin biyan masu kawo kaya. Tsarin nan na Deming, wani masanin inganta aiki, muke bi, wato a tsara, a gwada, a duba sakamako, sannan a gyara, amma wallahi daga dubawa zuwa gyarawa nan muke maƙalewa.

Mun gwada sabon fom na sati 3, sai muka gano ashe ba fom ne matsalar ba, takarda ce ke kwana a teburin sa hannu, wani sa'in har kwana 5. Na ce to mu canza hanya. Mutum biyu daga sashen kuɗi suka ƙi, wai an riga an amince da tsarin farko, sauya shi yanzu kamar an ce sun yi kuskure ne. Abin da ya fi ci min rai ma, a mitin kowa gum yake yi, sai an tashi a riƙa biyo ni ofis ɗaya bayan ɗaya da ƙorafi.

Na buɗe guruf a WhatsApp, ana karantawa ba a amsawa. Na mayar da mitin minti 15 a tsaye duk Litinin, ya koma karanto rahoto kawai.

Don Allah wanda ya taɓa riƙe irin wannan kwamiti, ta yaya ake shawo kan mutane su yarda a sauya tsarin da aka riga aka amince da shi ba tare da sun ji an kunyata su ba?