Musayar waƙa: Mai Shari'a Aloma Mukhtar

Ɗan Wusasa:
Salamu alaikum jama'a. Yau Mai Shari'a Aloma Mariam Mukhtar na ɗauko mana. Amsa-amo "ya" ne, wanda ya karya zai biya tara.

Da sunan Allah nake farawa,
Mai yin hukunci ran da babu lauya.
Garinmu Wusasa ta yi karatu,
Kafin ta haye zuwa Birtaniya.
A 1966 ta zam lauya,
Mace ta fari a Arewa gaba ɗaya.
Ta dawo gida ta riƙe majistare,
Tana sauraron mai gaskiya da mai ƙarya.
A 1977 Babbar Kotun Kano
Ta ba ta kujera, ta zam alƙaliya.
Shekara goma tana zaman nan,
Sai Ɗaukaka Ƙara ta buɗe hanya.

Malam Na-Fagge:
Ɗana, ka jero mana muƙamai,
Kamar mai ƙirgar buhu a ma'ajiya.
Hawa kujera ba shi ne alƙalanci ba,
Jaki kan ɗau littafi, karatu bai iya.
Faɗa mini hukuncin da ta yanke
Ran da manya suka tare hanya.

Yaya Binta:
Malam, gafara dai, bari in amsa,
Ni ma na san wannan tambaya.
A 2005 ta shiga Kotun Ƙoli,
Kafin ita babu mace ko ɗaya.
Disambar 2008 aka zauna,
Ƙasa ta yi tsit, ana jiran murya.
Buhari ya ƙi yarda da zaɓen 2007,
'Yar'aduwa na kan mulki lafiya.
Alƙalai bakwai ne a zaman nan,
Huɗu suka ce zaɓe ya tsaya.
Uku suka ce a soke shi:
Oguntade, Onnoghen, da Hajiya.
Takardun ƙuri'a babu lambar jeri,
Doka ta ce a sa, INEC ta ƙiya.
Takardar da ba ta ɗauke da lamba,
Wa zai raba ta gaske da ta ƙarya?

Malam Na-Fagge:
Binta, kin burge ni, amma ki ƙirga:
Uku ba ta kai huɗu ba a duniya.
An karanta nata, an naɗe takarda,
Mai mulki ya ci gaba da tafiya.

Yaya Binta:
Hakane Malam, ba ta yi rinjaye ba,
Amma ta faɗa a fili, ba ta bayan katanga ko rariya.
Shi kansa mai mulkin ya ce zaɓen da gyara,
Har ya ɗora gyaran kan tsohon Babban Joji, Uwais na Zariya.
Gwamnati na raye, ita tana kan aiki,
Faɗin "a soke" a ranar, da wuya.

(Baiti na biyu ya yi tsawo, na sani. A yi haƙuri, tuwo na kan wuta.)

Uwar Biyu:
Kuna ta yabo, ni da ƙorafi na zo,
Kuma mace ce ni, ba na jin kunya.
Yulin 2012 Jonathan ya rantsar da ita,
Babbar Jojin duk Najeriya.
Nuwamba ta yi, ga Mai Shari'a Jombo-Ofo
Ta zo rantsuwar shiga Kotun Ɗaukaka Ƙara, aka ce ta tsaya.
Wai haihuwarta Anambara ce,
Gurbin kuwa na jihar mijinta, Abiya.
Sai da Majalisar Dattawa ta sa baki,
Aka rantsar da ita daga baya.
Ni Gusau aka yanke mini cibi,
Kano aka kawo ni amarya.
Idan gidan miji ba jihata ba ne,
Ina zan kai kaina, Hajiya?

Ɗan Wusasa:
Inna, wannan kam ba ni da amsa,
Na sunkuyar da kai, na ja baya.
Sai dai ki tuna da 2013,
Shari'ar fanshon 'yan sanda da ta ja dariya.
Mutum ya amsa laifi kan biliyoyi,
Aka ce naira 750,000 ya biya.
Majalisar kula da alƙalai, NJC, da Aloma ke shugabanta, ta dakatar da alƙalin,
Babu albashi har shekara ɗaya.
A 2014 ta cika saba'in,
Ta ajiye aiki ta tafi lafiya.

Malam Na-Fagge:
Kun taɓo mini inda ke ƙaiƙayi,
Ni ɗan fansho ne, na san wuya.
A kan wannan kam na sara mata,
Ko da na ƙi sauran, na ba ta hula.

Ɗan Wusasa:
Malam, "hula" ba ta ƙare da "ya" ba. Tara ta hau kanka.

Malam Na-Fagge:
Na amsa laifina, ya mai shari'a. A yi mini rangwame irin na mutumin fansho, goro ɗaya zan biya.